Kalma ɗaya na shiga nema a Logeion, amans, ga abin da na tarar

Jama'a ina so in yi magana kan Logeion, ƙamus ɗin nan na Latin da Girkanci da ke intanet wanda jami'ar Shikago ke riƙe da shi, don na kai wata takwas ina buɗe shi kusan kullum amma gaskiya sai makon jiya na san darajarsa, kuma kalma ɗaya ce tak ta jawo, amans.

Ga yadda aka yi. Malamin da ke koya mana Latin ta bidiyo dattijo ne, ya ce ƙarshen watan nan zai ajiye koyarwa don idonsa ya fara gajiya, to mu ɗalibansa mu biyar sai muka ce bari mu haɗa masa ɗan littafi kowa ya rubuta abin da ke ransa, ni kuma aka ɗora min layin farko, wanda za a sa a shafin gaba da Latin. Abin da nake son faɗa bai da tsawo, ga malami mai ƙaunar ɗalibansa, shi ke nan. Don haka mutumin yake wallahi, in ka kwafsa a karatu ba ya katse ka, sai ya yi shiru ya cire tabarau ya ce "sake karantawa a hankali ɗana", ko sau huɗu ne zai jira ka har sai kai da kanka ka ji inda ka karkace. Na sa maganar a wata manhajar fassara, ba sai na kama suna ba, ta ba ni magistro caro. Na kusa turawa a haka. Amma raina bai kwanta ba don na tuna mun taɓa cin karo da carus a darasi kuma kamar ba haka ta tafi ba.

Kuma ba haka ba ne. Carus, cara, carum shi ne abin ƙauna, wanda ake so, ba mai son ba. In ka ce carus mihi kana nufin abin ƙauna ne a gare ni, wannan mihi ɗin yana halin da suke kira datif, wato "ga wane" ko "wa wane". Kalmar ma tana nufin mai tsada, abin da ke da daraja a kasuwa da abin da ke da daraja a zuciya duk bakinsu ɗaya a wurin Rumawa, kuma daga ita caritas ta fito. To magistro caro ba ƙarya ba ne, muna ƙaunarsa, amma ƙaunar ta juya baya, daga mu take zuwa gare shi, ni kuma tasa nake son in ambata, wadda ke zuwa daga shi zuwa gare mu.

Nan na buɗe Logeion da daddare na rubuta amans. Ga wanda bai taɓa shiga ba, abin ba shi da wani ado, akwati ɗaya ne na bincike, kyauta ne, ba rajista ba talla, ka rubuta kalma sai ya jero maka abin da ƙamusoshi daban daban suka ce a kanta a shafi guda, kana gama wannan ka gangara ga wancan. Akwai Lewis da Short, babban nan na 1879, akwai ƙaramin na Lewis shi kaɗai wanda aka yi don ɗalibai, akwai Gaffiot na Faransanci wanda asalinsa ya fito a 1934, akwai Du Cange na Latin ɗin tsakiyar zamani da kuma takwaransa na Birtaniya wanda aka kammala a 2013 bayan an shafe kusan shekara ɗari ana aikinsa. Farfesa Helma Dik ce ke jagorantar abin, tun 2011 yake. In kuma ka rubuta kalma yadda ka gan ta cikin jimla da wutsiyarta, kamar amantem ko amantibus, zai nuna maka uwar kalmar, wannan kaɗai ya isa ya ceci mai koyo don rabin wahalar Latin gane inda kalma ta fito ne.

To a Lewis da Short amans ba ta da ɗakin kanta, tura ka za a yi wurin aikatau amo, ina so, kuma amo doguwa ce, ina ta jan shafi da yatsa ina wuce misalai ina wuce misalai har na fara tunanin ko na wuce ta ne, sai can ƙasa ga ta, amans, antis, da wasu haruffa biyu a gabanta, P. a., sannan a ce tana tafiya da jenitif, wato halin mallaka, ko ta tsaya ita kaɗai. Ma'anonin da aka ba ta kuwa su ne mai ƙauna, mai so, mai tausasawa, mai nufin alheri ga wani, in ta zama suna kuma masoyi ko aboki. Waɗannan haruffa biyun nufinsu sifa ce da aka ciro daga aikatau, wanda ya taɓa nahawun Larabci zai gane ta nan take, ismul fa'ili ce, kamar muhibbu daga ahabba. Wani abu da ya ba ni sha'awa, a cikin mutum biyun da sunansu ke bangon ƙamus ɗin, Charles Short harafin A kaɗai ya yi, duk sauran daga B har ƙarshe Charlton Lewis ne, kenan wannan shafin na amo da na kwana a kai yana cikin ɗan rabon Short.

Yanzu ga inda abin ya yi daɗi, kuma a nan nake so ku tsaya da ni. Amo aikatau ne mai cin karɓau kai tsaye, patriam amo, ina son ƙasata, patriam tana halin akusatif, mansubi in ji masu Larabci. To hankali zai ba ka cewa amans ma haka za ta yi tunda 'yarsa ce, kuma tana yi ɗin, patriam amans Latin ne mai kyau. Amma akwai patriae amans, da jenitif, halin mallaka, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ta farko aiki ne, mutum a wannan lokacin yana cikin son ƙasarsa, ta biyu hali ne, ɗabi'a, haka Allah ya yi shi, jiya da yau da gobe. Littafin nahawun Allen da Greenough na 1903 ya kafa ƙa'idar a fili, irin waɗannan kalmomi masu ƙarewa da ns in suna nuna hali mai ɗorewa ba aiki guda ba to jenitif suke ɗauka. Ina karanta wannan sai na ajiye wayar na ce kai, ai wannan namu ne. Wane ya tuƙa mota daban, matuƙin mota daban. Wane ya ɗinka riga ba shi ne maɗinkin riga ba. Da aiki ya zama hali sai mu sa masa ma a gaba mu liƙa masa n a baya mu ɗaure shi da abin, masoyin ƙasa, manemin suna, kuma wannan n ɗin ita ce dai n ɗin mallaka ta gidan Audu, ita ce jenitif ɗinmu. Patriae amans masoyin ƙasa, harafi da harafi. Na san wani zai ce ai yana son ƙasa ma akwai n, haka ne, don so a nan sunan aiki ne, shi ya sa na kawo misali da ya tuƙa da ya ɗinka inda bambancin ya fi fitowa. Mai koyon Latin ta hanyar Turanci sai ya haddace wannan ƙa'ida, mu kuwa a bakinmu take tun muna yara, kawai ba wanda ya taɓa nuna mana ne.

Misalin da ya ƙara zaunar min da ita ba na amans ba ne ma, na 'yar uwarta ce appetens, mai nema. Salust, marubucin tarihin Rum, ya ce da Jugurta, wani sarkin Arewacin Afirka, appetens gloriae militaris, manemin ɗaukakar yaƙi, halinsa ne, jenitif. Sisero kuma, babban mai jawabi kuma marubucin Rumawa, da yake maganar wani Barume Spurius Maelius da aka kashe ya ce regnum appetentem, yana cikin neman sarauta, aikin da aka kama shi a kai kenan, akusatif. Kalma ɗaya, wutsiyar maƙwabciyarta ce kawai ta sauya, amma ɗaya ta ba ka mutum ɗaya ta ba ka laifi.

Kuma jenitif ɗin nan ba mai abu yake nunawa ba, wanda son ya faɗa wa yake nunawa, shi ya sa in wakilin suna ne ake cewa amans tui, mai ƙaunarka, amans nostri, mai ƙaunarmu, ba nostrum ba, nostrum na "daga cikinmu" ne. Misalan da ƙamus ɗin ya jero akasari na Sisero ne kuma daga wasiƙunsa, in ka bi su sai ka ga kalmar ta zumunci ce da amana fiye da ta soyayyar saurayi da budurwa, 'yan ƙasa masu ƙaunar ƙasa, mutane masu ƙaunarka, akwai ma na Plautus, marubucin wasan kwaikwayo, inda ake maganar miji amantem uxoris, mai ƙaunar matarsa. A wasiƙar da Sisero ya rubuta wa ƙanensa Kwintus lokacin yana gwamnan Asiya akwai tui amantiorem, wanda ya fi ƙaunarka. Wannan ma wata hujja ce cewa kalmar ta gama zama sifa, don tana hawa matakin fifiko, amans, amantior, amantissimus, mai ƙauna, wanda ya fi ƙauna, mafi ƙauna ko mai tsananin ƙauna, har da bayanau ta haifa, amanter, cikin ƙauna. Wanda na fi so shi ne na jawabinsa na uku kan Katilina, jagoran masu makircin kifar da gwamnati, ranar 3 ga Disamba shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ba jama'ar Rum labarin jami'ai biyu, Flaccus da Pomptinus, waɗanda suka yi kwanton ɓauna a gadar Mulbiya cikin dare suka kama wasiƙun masu makirci, sai ya kira su fortissimos atque amantissimos rei publicae viros, mazaje mafiya jarumta kuma mafiya ƙaunar jamhuriya. Kun ga rei publicae jenitif, ba cewa yake a daren nan suka so ƙasar ba, cewa yake dama can haka suke shi ya sa ya aike su.

In ta zama suna ita kaɗai kuwa to nan ne take komawa masoyi na soyayya. Terens a wasansa Andria na shekara ta 166 kafin haihuwar Annabi Isa yana da layin nan da ya zama kamar karin magana, amantium irae amoris integratio est, faɗan masoya sabunta soyayya ne, mu ma ai muna da namu, faɗan masoya hutu. A wasan dai ya yi wasa da amantium da amentium, masoya da mahaukata, wasali ɗaya ne tsakaninsu, don haka mai kwafa ya buɗe ido.

Siffofinta ba su da wuya sosai, rukuni na uku ce mai baki ɗaya, wato amans ɗin nan ita ce ta namiji ita ce ta mace ita ce ta jinsi na uku wanda ba namiji ba mace, saiwar kuma amant ce, daga nan sai amantis, amanti, amantem, jam'i amantes, na jinsi na uku amantia, jenitif na jam'i amantium ko da yake mawaƙa kan taƙaita shi zuwa amantum don ma'aunin waƙa. Inda ake tuntuɓe abulatif ne na tilo, wato halin "da" ko "daga", in sifa ce amanti, in tana aikin aikatau ko ta zama suna amante. Sai kuma kar a haɗa ta da amant, wannan aikatau ne, suna so. Akwai sashen da ake kira Morpho haɗe da Logeion wanda ke warware maka siffar kalma ya faɗa maka halinta da adadinta, na yi amfani da shi na tabbatar da wutsiyoyin kafin in rubuta.

Da na ga haka sai na ce bari in leƙa maƙwabta kar a ce akwai wadda ta fi dacewa, kuma a nan saurin abin ya yi min rana, ka goge ka rubuta wata cikin daƙiƙa, da littafi ne a hannu mai shafi sama da dubu biyu da na haƙura tun a ta biyu. Studiosus ita ma jenitif take ci, amma himma ce da naci, ma'abocin abu, studiosus litterarum ma'abocin karatu, da littattafai nake son cewa yana so da ita zan ɗauka. Cupidus jenitif ce ita ma amma kwaɗayi ne, Yuliyas Kaisar ya ce da wani basarake Dumnoriks cupidum rerum novarum, mai kwaɗayin juyin mulki, ba kalmar da za ka ba malaminka ba ce. Amicus datif take bi kamar carus. Diligens ce ta ɗan tsayar da ni, don diligo ma so ne, amma so na zaɓi da ganin girma, wanda hankali ya auna, amo kuma na zuciya ne mai ɗumi, Sisero da kansa ya bambanta su a wata wasiƙa ga Burutus inda ya ce wani mutum valde me diligit, sai ya ga bai isa ba ya ƙara da cewa in zai fi ƙarfafawa valde me amat. Sannan diligens da ta zama sifa ta fi karkata ga mai kula da tsantseni a aiki. Malaminmu yana da wannan ɗin ma amma ba shi ne abin da ya sa mu biyar muke jin zafin tafiyarsa ba.

Wani abu da ya kamata mai amfani da amantissimus ya sani, a Latin na baya kalmar takan juya ta koma wanda ake ƙauna. A fassarar Baibul ta Jerom, Kubawar Shari'a sura 33 aya 12, an kira Biliyaminu amantissimus Domini, kuma nufin wanda Ubangiji yake ƙauna ne ba mai ƙaunar Ubangiji ba. Wannan ne amfanin a tara maka ƙamusoshin zamani daban daban a wuri guda, don Latin ɗin Sisero da na shekara ɗari huɗu da wani abu bayansa ba lallai su yi magana da baki ɗaya ba, in ka tsaya a ƙamus ɗaya sai ka ɗauka ma'ana ɗaya ce har abada. Ni abin bai dame ni ba a nawa layin, malam mutumin Sisero ne zai karanta ta yadda Sisero ya nufa, in ma wani ya karanta ta ɗaya hanyar ai ba a yi ƙarya ba.

To sai dai a san me ake shiga. Logeion ƙamus ne ba malami ba, ba zai zaunar da kai ya ce ga dalilin da jenitif ya zo nan ba, "da jenitif" kawai za ka gani, dalilin sai ka nemo a littafin nahawu, ni ma can na samo. Bayanin akasari da Turanci yake ko Faransanci ko wani harshen Turai, wanda bai da ɗaya daga ciki zai sha wuya. Lewis da Short kuma tsoho ne, an gina shi kan fassarar Andrews ta 1850 wadda ita ma daga ƙamusun Jamusanci na Freund take, Turancinsa na mutanen da ne kuma cike yake da gajarce-gajarce, Cic. Fam. da Plaut. As. da lambobi jere ba numfashi, makon farko ido sai ya yi yaji kafin ya saba. Haka kuma ba ya nuna tsawon wasalin da baƙaƙe biyu suka biyo, misali a ta biyu a amans doguwa ce don a Latin wasali kafin ns kullum dogo ne, amma a amantis gajera ce, wannan ba za ka gan shi a tsohon ƙamus ɗin ba sai ka riga ka sani, mu kuma da ke bambanta dogon wasali da gajere a harshenmu abin yana mana muhimmanci a kunne. Babban ƙamusun Latin na Oksfod wanda ya fito kashi kashi daga 1968 zuwa 1982 ba ya ciki, shi na saye ne, kuma shi ma Latin ɗin da ya tsaya wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa ya ɗauka. Ga wanda ya fara jiya ina ganin ya fara karanta ƙaramin na Lewis tukuna, yana nan a shafin, gajere ne kuma ma'anar na fitowa da wuri, in ya ƙoshi sai ya hau babban. Wanda kuma ya kai matakin karanta wasiƙun Sisero ko yana son ya rubuta layi ɗaya da ba zai ji kunyarsa ba, ban san wani abu na kyauta da zan tura shi gare shi kafin wannan ba, ni dai yanzu shafin a buɗe yake kwana a wayata.

Abin da na rubuta a ƙarshe shi ne magistro discipulorum suorum amantissimo. Magistro da amantissimo datif don shi ake miƙa wa, discipulorum suorum jenitif don su ƙaunar ta faɗa wa, suorum ɗin na ƙara ne don kar a karanta malamin ɗalibai a tsaya nan. Ranar darasin ƙarshe muka nuna masa shafin ta kyamara, ya matso da fuskarsa kusa ya daɗe yana dubawa, sai ya tambayi wa ya rubuta, aka ce ni, ya ce me ya sa ban ce discipulos ba. Na ce masa don ba ranar ɗaya ya yi ba Malam. Ya cire tabarau ya yi shiru irin nasa, sannan ya ce in karanta masa da baki, na karanta muryata na rawa na haɗiye s ɗaya a amantissimo, ya ce "sake karantawa a hankali ɗana", na sake.